Ƙofar Malama

A unguwar da ta zauna a Maraɗi, ba a taɓa kiran gidan da sunan maigida ba. Ko a zamanin da yake raye, «gidan Malama» ake cewa, kuma in baƙo ya sauka a tasha yana cigiya, ɗan ƙaramin yaro ma ya isa ya kai shi har zaure. Gida ne na ƙasa mai ɗaki huɗu, da dogon yaro a tsakiya, da ƙofar kwano wadda sakatarta ta yi tsatsa don rashin aiki. Maƙwabta har ba'a suke yi, wai kuɗin da aka ba maƙerin sakatar nan asara ce tsagwaronta. Ta ƙofar nan almajiri yake shiga da ƙoƙonsa, ta nan ake shigo da yaron da zazzaɓi ya kayar cikin dare, ta nan kuma matar ƙauye da aka sallamo daga asibiti ba kuɗin mota take shiga, ta kwana uku ko ta yi wata uku. Amma akwai mutum guda da ta tarar da ƙofar a rufe har shekara 11, kuma ba bare ba ce, ɗiyar Malama ce ta fari. Duk wanda ya tashi ba da labarin matar nan ya tsallake wannan, to yabon zaman makoki ya yi, irin wanda kowane mamaci yake samu.

Kamar yawancin sa'o'inta, Malama ba ta san ranar haihuwarta ba. Takardarta ta ce wajen 1945, ita kuwa takan ce an haife ta shekarar da Gulbi ya ci gari, wato daminar da ambaliya ta rushe tsohon Maraɗi na cikin kwari, har aka tayar da garin aka mayar da shi kan tudu. Iyayenta manoma ne a wani ƙauye na bakin fadama tsakanin Maraɗi da Tsibiri. Tana ƙarama ubanta ya kamu da kuturta, aka ware masa ƙwaryarsa da bukkarsa a bayan gida, yadda aka saba yi wa mai wannan ciwo. Da ƴan mishan suka buɗe asibitin kutare a Danja a 1956, kudu da Maraɗi a kan hanyar Katsina, sai ya ce zai tafi ya gwada. Matarsa tana goyo, ga gona, don haka aka haɗa shi da yarinya ƴar shekara 11, ta riƙa ɗebo masa ruwa tana dama masa fura.

Ƴan mishan ɗin nan na SIM ne, waɗanda suka shigo ƙasar ta Damagaram a 1924, suka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga Nijeriya suka ƙetaro, da Ingilishi da Hausa a bakinsu, shi ya sa hukumar Faransa ba ta taɓa sakin jiki da su ba. Da Hausa suke wa'azi, da ita suke koyar da karatun boko, littafinsu kuwa shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. A Danja yarinyar ta koyi abu biyu a lokaci guda, kuma su ne suka zama sana'arta har ta tsufa: haɗa baƙi da wanke miki. Kuturta tana kashe jijiyar ji, har mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, sai wurin ya ruɓe. Saboda haka kowane maraice takan zaunar da ubanta, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ta bi tafin da ƴan yatsun da suka rage ɗaya bayan ɗaya tana neman raunin da shi mai ƙafar bai ji ba. Bayan ta gama, shi kuma ya sa ta karanta masa abin da ta koya a ranar.

A can uban ya karɓi baftisma. Da ya komo gida ciwon ya tsaya, sai dai dangi sun ja baya. Ba wanda ya ɗaga masa sanda. An dai raba gandu aka ba shi gefen da ya fi tsakuwa, aka daina cin yankansa, ƙanwarsa kuma ta yi rantsuwa a gaban jama'a cewa ƙafarta ba za ta ƙara taka gidansa ba. Ƙanwar nan ita ce Gwaggo, kuma za ta sake fitowa a labarin.

Malama ta shiga lakwal a makare, ta fi kowa tsawo a aji, ta samu takardar gama firamare bayan ƴancin kai na 1960. A lokacin sabuwar jamhuriya tana neman malamai ruwa a jallo, sai aka ɗauke ta ƙaramar malama aka ba ta ajin farko. Ta yi fiye da shekara 30 ba ta bar ajin nan ba, ko da ta samu damar hawa na gaba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ajin da ake nufi, wanda kowa yake addu'ar kada ya faɗo a kansa: yara 80 ko fiye a cikin rumfar zana, kowa da ɗan allonsa a cinya, wannan yana kuka, wancan ya jiƙe wando, kuma a cikinsu da wuya a samu wanda ya taɓa jin kalmar Faransanci. Yara suna ce wa malamai maza Mushe, mata kuwa Madan. Ita kaɗai iyaye suka laƙaba wa Malama, domin ita take rubuta musu wasiƙa da Hausa zuwa ga ƴaƴansu da suka tafi cin rani, ita take karanta musu amsa.

Zamanin sambol ne, wato ƙashi ko gwangwanin da ake ratayawa a wuyan yaron da aka kama yana Hausa a farfajiyar lakwal, shi kuma ya wuni yana farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Malama ta ƙi shigar da shi ajinta. Hujjarta ba ta littafi ba ce, daga kanta ta samo ta: da Hausa ta fara karatu, cikin ƴan watanni ta iya, kuma da Faransanci ya zo sai ya tarar da gurbi a shirye. Don haka takan fara kowane darasi da harshen da yara suke ji, in an hango ƙurar motar sufeto ta juya baki. Da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ta yi ta aika saƙo a samo mata ko da takarda guda ce daga littattafansu. Ba ta kai ga ganin 2025 ba, shekarar da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Da ta kai, mai yiwuwa tambayarta ta farko ita ce ko an buga littafin ajin farko, kuma guda nawa za a ba kowane aji.

Da farko iyaye sun yi ɗari-ɗari da ita. Ƴar mishan ce, kuma an damƙa mata yara a shekarun da duk abin da aka zuba musu yake zama. Wani liman ya aiko a ji ta bakinta, ta ce da ɗan aiken: «Ka gai da Malam, ka ce masa gwamnati ta ɗauke ni in koya musu baƙi da lissafi. Abin da yake tsakanina da Ubangijina yana gida, ba na zuwa da shi cikin jaka.» Ta kuwa cika. Ba a taɓa jin ta yi wa'azi a aji ba, har waɗansu ƴan'uwanta na majami'a suka ga laifinta, wai ta samu gona ta ƙi shuka. Ta ce musu amana aka ba ta, kuma wanda ya ci amanar iyaye don ya yi wa Allah aiki, ba ta ga inda ladansa yake ba. Kada dai a ɗauka mai sanyin hannu ce. Tsumagiyar dogon yaro ba ta rabuwa da teburinta, kuma tsofaffin ɗalibanta, waɗanda furfura ta cika musu kai yanzu, har yau sukan shafa gadon baya in an ambace ta. Ba ta iya yabo ba. Iyakar abin da yaro zai samu in ya ƙure ƙoƙarinsa shi ne: «To, ba laifi.»

Ta auri wani kafinta, dattijo a ikkilisiya, mutum mai ƙarancin magana, suka haifi ƴaƴa shida, ƙyanda ta ɗauke ɗaya. Maigidan ya rasu a 1984, shekarar yunwar da mutanen ƙasar nan suka sa wa suna El Buhari, domin fari ya zo ya gamu da rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya yi wuyar shigowa. A shekarar nan ne gidan ya zama abin da aka san shi da shi. Mata daga ƙauyukan arewa suka cika bakin gari da ƴaƴa a goye. Malama da matan Zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, suka kafa babbar tukunyar kunu a tsakar gidanta kowace safiya kafin ta tafi aji. Da tiya take auna hatsin wata, ta raba shi kashi biyu, na gida da na ƙofa, kuma ƴaƴanta sun shaida cewa na ƙofa yakan ci na gida. Yara biyu da uwarsu ta mutu a zaurenta ba su koma ko'ina ba, a nan suka girma har ta aurar da su. Shekarun da suka biyo baya ba su fi sauƙi ba: albashin malamai yakan yi watanni bai fito ba, sefa ta karye a Janairun 1994, sanƙarau ya ratsa ƙasar a 1995, sannan ga ƙanjamau, lokacin da dangi sukan tura wa marar lafiya abinci da sanda. Ta wanke waɗanda aka gudu aka bari, da ruwan zafi da sabulu da leda a hannu, ba ta tambayar ko wace hanya mutum ya bi ya samo ciwonsa.

Amma a cikin duk waɗanda ta yi jinya, Gwaggo ce aka fi tunawa. A 1987 labari ya zo daga ƙauye cewa tsohuwar ta makance, ba ta da ɗa a raye, kuma dangi kowa ya noƙe. Malama ta hau mota ta je ta same ta a ɗakin da rufinsa ya rufta rabi. Tsohuwa ta ji murya ta gane ta, ta kuma tuna da rantsuwarta. Aka yi ta fama, har wani malamin ƙauye ya warware mata cewa gidan da ta rantse a kansa na ɗan'uwanta ne, shi kuwa ya riga ya rasu. Ko da haka sai da ta gindaya sharuɗɗa: tukunyarta dabam, kada a yi mata waƙar coci a ka, kuma in ta mutu a binne ta yadda aka binne iyayenta. Malama ta ce ta ji.

Ta sayo sabuwar buta da buzun salla. Da ma ita mai tashin asuba ce, domin a wannan lokacin take karatunta da addu'arta kafin gida ya farka. Sai ta ƙara wa kanta aiki: in ladan ya yi kira, ta tashi Gwaggo, in lokacin ɗari ne ta ɗumama mata ruwan alwala, ta kama kafaɗunta ta juyar da ita gabas tun da ido ba ya gani, sannan ta koma ɗakinta ta kunna fitila ta buɗe littafinta. Bango guda ne tsakaninsu. Da azumi ita take dafa mata sahur, ita take sauraron kiran magariba ta miƙa mata kunu. Shekara 6 aka yi a haka, kuma ba wanda ya taɓa jin tsohuwar ta ce an gode. In ranta ya ɓaci takan kira ta ɗiyar kafiri, in ya yi daɗi ta ce ɗiyar ɗan'uwana. Ranar da ta cika, a 1993, Malama ta aika aka kira liman, ta sayo likkafani da kuɗinta, ta dafa ruwan wanka ta kai bakin ƙofa. Da matan unguwa suka shiga yi wa gawa wanka, sai ta fito ta zauna gindin dogon yaro, domin ta san wannan ba hurumin hannunta ba ne.

To, abin da yake da wuyar faɗa shi ne, a tsakiyar waɗannan shekaru shida ne ta rufe wa ɗiyarta ƙofa.

Sai an san matsayin ɗan fari a gidan Bahaushe za a gane zurfin abin. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Alkunya ce, kuma shiga majami'a bai kawar da ita ba. Yarinyar ta girma ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, sai «waccan» ko «ke». A da, kaka ko gwaggo ce take ɗauke ɗan fari ta ba shi gatan da uwa ta hana, amma ita wannan ba ta samu ba, tun da dangi sun yanke. Abin da ta samu shi ne aiki. Ita take daka hatsin baƙi, ita ake tayarwa daga gadonta a kwantar da marar lafiya, zanenta ake ɗauka a ba wadda ta zo tsirara. Daga baya ta taɓa ce wa ƙannenta, a gidan nan sai kana maraya ko kana zazzaɓi kafin Inna ta ɗora maka hannu a goshi. Ta yi karatun malanta a Damagaram, aka tura ta wani ƙauye, a can ta haɗu da wani malami Musulmi, mai natsuwa, suka daidaita.

Da hutun 1989 ta zo gida, ta durƙusa ta ce: «Inna, na zo da magana.» Malama tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba har aka gama. Ba auren kaɗai ba ne, ɗiyar ta ce ta riga ta musulunta, kuma ba don miji ba, don kanta. Sai uwar ta ce: «Kakanki ya rasa gona da dangi a kan abin da kika tuɓe yau kamar tsohon zane. In kin fita, ja mini ƙofar.» A daren nan ne maƙwabta suka ji ƙarar sakatar nan, sai da aka ɗiga mata man gyaɗa kafin ta shiga.

Ana iya kawo mata uzuri, kuma an kawo. Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A irin wannan ƴar ƙaramar jama'a kowace ɗiya da ta fita ana ƙidaya ta, kuma kowa ya san gidan da ta fito. Malama ce shugabar Zumuntar Mata, ita take yi wa ƴan mata gargaɗi, ga shi wuta ta tashi a ɗakinta. Bugu da ƙari, ta gaskata har zuciyarta cewa ɗiyar ta bar hanyar ceto, kuma wannan ba ƙaramin ciwo ba ne ga uwa mai imani, ko wane addini take bi. Duk wannan gaskiya ne, amma bai isa ba. Matar da take ɗumama wa tsohuwa ruwan alwala kowace asuba ba za a ce salla ce take ƙi ba. Gwaggo a haka aka haife ta, ba ta ƙi tarbiyyar kowa ba. Ita kuwa ɗiyar, fitarta ta zama kamar hukunci a kan renon Malama, a idon jama'ar da take koya wa reno. Akwai imani a cikin fushin nan, amma akwai girman kai, kuma da wuya a ce ita da kanta ta san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ta yi wa dangin ubanta shekaru tana ganin laifinsu, ta zo ta yi wa ɗiyarta irin abin da suka yi masa.

Ba ta je biki ba. An yi suna uku ba ta leƙa ba. In naman layya ya zo daga gidan ɗiyar, takan sa a miƙa wa almajirai tun daga zaure. Fasto da kansa ya zo sau biyu ya roƙe ta, ta shimfiɗa masa tabarma, ta saurare shi da ladabi, ta raka shi har ƙofa. Ƙanne suna zuwa wurin yayarsu a ɓoye, Gwaggo ma, da makantarta, takan ƙulle ƴan kuɗi a bakin zane ta ba yaro ya kai wa jikokin.

A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, wanda aka shirya a kusa da Yamai, ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi. Aka farfasa mashaya, aka kai wa mata masu zaman kansu hari, aka cinna wa wata majami'a wuta. Gidajen Kirista kowa ya shige ɗaki. A lokacin an riga an mayar da surukin Malama aiki cikin gari. Da hantsi sai ga shi a kan babur, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan da bai taɓa shiga ba, ya zauna da carbinsa. Can sai tsofaffin ɗalibanta biyu suka zo suka zauna kusa da shi. Wani gungun samari ya biyo ta bakin layin, suka dubi masu zaman, suka wuce. A nan ya yi azahar. Malama ta san ko wane ne, domin yara sun gaya mata. Da la'asar ta ba yaro buta cike da ruwa ya kai masa, wataƙila butar Gwaggo ce. Bayan isha ta aika da tuwo.

Da zai tafi ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a zaure, ya ce: «Inna, ina wuninku? Ya muka ji da wannan abu?» Ta amsa daga bayan labule: «Malam, an gode. Yara suna lafiya?» Ya ce suna lafiya, suna gaishe ku. Ta yi shiru har ya ɗauka an gama, sannan ta ce a kawo su ta gani. Ranar Lahadi da yamma aka kawo su, uwarsu tana biye da su cikin hijabi. Malama ta ɗauki ƙaramin ta ɗora a cinya, ta duba kunnensa da farcensa, ta ce ana barin yaron nan da datti. Ba ta dubi ɗiyar ba. Sai can ta ce da ƙanwar: «A ba waccan ruwa, ta sha rana.» Iyakar sulhun ke nan. Ba wanda ya nemi gafarar wani, a ranar ko bayanta, kuma ba wadda ta sauya ra'ayi: uwa ta ci gaba da roƙon a komo mata da ɗiyarta, ɗiya ta ci gaba da roƙon Allah ya shiryi uwarta. Jikoki dai sun ci riba, suna cin shinkafar Kirsimati, ga sabon ɗinki daga wurin kaka kowace Salla.

A 2013 ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ƴaƴa maza suna nesa, wannan a Yamai, wancan a Tawa, sai aiken kuɗi. Ta fari ce take zuwa da sassafe kafin aji, ta komo da yamma. Ita take yi mata wanka, ta juya ta, ta bi bayanta da ƙugunta da diddige tana neman inda kwanciya ta fara cin fata, domin ɓarin da ya mutu ba ya jin zafi. Malama ba ta yi daɗin jinya ba. Wadda ta saba ɗauka ba ta iya zama a ɗauke ta ba. Takan ture cokali, ta juya fuska bango, ta wuni ba ta kula kowa ba. Daga baya yana ta rufe mata ido. Matan Zumunta suna zuwa sau ɗaya a mako su karanta mata, sauran ranakun kuwa littafin yana ajiye a kan akwati, tsohuwar fassarar nan ta 1932 mai baƙin bango, domin ba ta taɓa sabawa da sabuwar da ta fito daga baya ba. Wata asuba ɗiyar ta idar da salla, ta ga uwar tana lalube da hannun hagu. Ta ɗauko littafin ta buɗe Zabura ta fara karantawa. Ba ta yi tuntuɓe ba, ai a cikinsa aka koya mata baƙi tun tana ƴar shekara 5. Magana ta fita unguwa, har aka kai wa mijin tsegumi. Ya ce: «Uwarta ce. Addinina bai ce ta yar da ita ba.»

Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a Damagaram, kashegari a Yamai, a kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka kuma rasa rayuka. A daren nan suka ɗauke ta a mota suka kai ta gidansu. Suruka ta tare a gidan mijin ɗiyarta abin kunya ne a al'ada, kuma ta nuna ba ta so, amma ba ta da ƙafar komawa. A can ta ƙarasa kwanakinta, a ɗakin da yake jin kiran salla biyar daga masallacin layin. Matan Zumunta suka bi ta can. Ranar zuwansu maigidan yakan sa a fito musu da benci, shi kuma ya tafi majalisa, su yi waƙoƙinsu ƙasa-ƙasa a rufe.

Ta rasu da bazarar 2017, cikin tsananin zafin nan da yake kwashe tsofaffi. Ɗiyar ta aika aka kira fasto da matan Zumunta, ta fito da farin yadin da ta saya ta ajiye, ta dafa ruwa ta kai bakin ƙofa, sannan ta koma tsakar gida ta zauna. Wata tsohuwa daga cikin matan, wadda ta ga ranar Gwaggo, ta tsaya ta dube ta, ba ta ce kome ba, ta ɗauki bokitin ta shiga. Da aka kai gawa majami'a, tsofaffin ɗalibai Musulmi ba su shiga ba, sun tsaya a inuwar bango har aka gama, sannan suka bi ta maƙabarta a ƙafa, sun ma fi ƴan majami'ar yawa. A zaman makoki an ga yadda harshe yake sarƙewa: wani ya zo zai yi addu'ar da aka saba yi wa mamaci, ya tuna, ya tsaya a kan «Allah ya ba da haƙuri», wani kuwa ya ce «Allah ya jiƙan Malama» da ƙarfi, ya dubi jama'a ko akwai mai magana.

Da aka buɗe akwatinta ba a samu abin rabo mai yawa ba: zannuwan Zumunta, da takardun fansho, da tulin tsofaffin kaye na lakwal ɗaure da tsumma. A cikinsu take rubuta sunayen waɗanda za ta yi wa addu'a, shafi guda kowane mako, tun daga shekarun 1970 har hannunta ya mutu. Akwai ɗalibai, da marasa lafiya, da shugabannin ƙasa bi da bi, da Gwaggo, da limamin da ya taɓa aiko mata. Kowa da sunansa cikakke, da rubutun nan nata mai tsayuwa kamar na kan allo. Layin farko na kowane shafi ne kaɗai ba suna, kalma biyu ce: «ta fari». Ƙannen suka zaro kaye na 1989 zuwa 2000 suka bi su shafi shafi, ba makon da aka tsallake. Ƙaramin ɗan ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya tafi da shi Yamai. Ita kuwa yayar tasu ta sake ɗaure kayen da tsummansu, ta sa a jakar da take zuwa aji da ita.